Darasin Lafiyar Iyali: Ciwon Haƙori, Tsoron Likita da Aikin Wanke Saiwa

A ƙauyukanmu ba safai ake lissafta ciwon haƙori cikin manyan cututtuka ba. Mutum yakan ɗaure haɓa da ƙyalle, ya ce zai wuce. Amma duk wanda ya taɓa kwana da shi ya san ba ƙaramin abu ba ne. Yakan hana barci, ya hana cin abinci. Yakan kwantar da manomi a tsakiyar damina, lokacin da kwana uku na rashin noma sun isa ciyawa ta rufe masa gero. Yakan hana yaro zuwa makaranta, ya hana mace mai goyo cin abin da zai kawo mata nono. Wani lokaci ma yakan kai ga rasa rai.

Ba mu kaɗai ke fama da shi ba. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa mutane wajen biliyan 3.5 suna da wata cuta ta baki, kuma wajen biliyan 2 daga cikinsu suna da ruɓaɓɓen haƙori wanda ba a yi wa magani ba.

A wannan darasi za mu koyi abu huɗu: yadda ciwon ke farawa, abin da za mu yi a gida kafin mu kai ga likita, yadda ake ceton haƙori ba tare da an cire shi ba, da yadda za mu yi da tsoron da ke hana mu zuwa asibiti. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin mata, da na matasa, da malaman yaƙi da jahilci su karanta shi a taronsu, su tattauna tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Yadda haƙori yake

Yaro yana da haƙoran yarinta 20. Babban mutum yana da 32 in duka sun fito. Kowane haƙori yana da kashi biyu: kan da muke gani, da saiwar da ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi, kamar yadda saiwar itace take cikin ƙasa. Haƙoran gaba galibi saiwa ɗaya gare su. Turame na ƙasa suna da biyu, na sama kuwa uku.

In aka tsaga haƙori za a ga hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawo, wanda ya fi kome tauri a jikin mutum, har ya fi ƙashi. Ba ya jin zafi ko kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai ɗan rawaya, wanda bai kai ɓawon tauri ba, yana kuma jin sanyi da zafi. A can tsakiya akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da nama mai taushi, da jijiyoyin jini, da jijiyar jin zafi. Wannan za mu kira shi ɓargon haƙori. Daga ɗakin nan akwai siraran hanyoyi da suka bi ta cikin kowace saiwa har ƙarshenta. Ku riƙe wannan sosai, gama a nan ne dukan maganarmu take.

2. Abin da ke ruɓar da haƙori

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Mutanen ƙasashe da yawa sun daɗe suna tsammani haka. Wani likitan haƙori na Faransa mai suna Pierre Fauchard ya musa wannan a littafinsa na 1728. A 1890 kuma wani likita ɗan Amurka mai aiki a Jamus, W. D. Miller, ya bayyana ainihin abin da ke faruwa. Babu tsutsa a cikin haƙori. Wanda ya turara muku hayaƙi ya nuna muku wani abu fari a cikin ruwa ya ce tsutsa ce, kuɗinku kawai ya ci.

Ga gaskiyar maganar. Akwai ƙwayoyin cuta a bakin kowa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Suna zaune cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori in ba a goge ba. Abincinsu sukari ne. Duk sa'ad da muka sha alawa, ko minti, ko lemun kwalba, ko shayi mai sukari da yawa, su ma sun samu. In sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ake kira asid, shi ne ke zaizaye ɓawon haƙori kaɗan kaɗan har ya huda shi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar ɓawo ya huje, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa.

Haƙori yakan kuma lalace ta wurin tsagewa, ko daga faɗuwa a kan babur, ko tauna dutse cikin shinkafa, ko buɗe kwalba da baki.

3. Matakai huɗu na ciwon

Mataki na fari: akwai ɗan baƙin tabo ko ƙaramin rami, amma babu zafi. A nan ɗan ciko ya isa, kuɗinsa kuma kaɗan ne.

Mataki na biyu: ramin ya shiga hawa na biyu. In an sha ruwan sanyi ko abu mai zaƙi sai a ji zafi kamar sukar tsinke, amma nan da nan ya wuce. Har yanzu ciko zai iya ceton haƙorin.

Mataki na uku: ƙwayoyin cuta sun kai ga ɓargo. Ɓargon ya kumbura, amma yana cikin ɗaki mai tauri, ba shi da wurin buɗawa. Shi ya sa zogin yake da tsanani haka. Yakan zo haka kawai ba an ci kome ba, ya daɗe, ya tsananta da dare sa'ad da aka kwanta, har ya hau kunne da gefen kai. In an kai nan, ɓargon ba zai warke da kansa ba.

Mataki na huɗu: ɓargon ya mutu. Sai zafin ya ɗauke, mutum ya ce ya warke. Ku kula ƙwarai, tsugune ba ta ƙare ba. Ƙwayoyin cuta suna nan suna yaɗuwa, suna bin hanyoyin saiwa har su fita cikin ƙashi su tara mugunya. Bayan makonni ko watanni sai haƙorin ya ƙi taɓuwa, dasashi ya yi ƙurji, kumatu ya kumbura. Kamar gara ce a cikin rumbu: daga waje ba a jin motsinta, sai ran da aka zo ɗiban hatsi.

4. Abin da za mu yi a gida

Abubuwan nan suna rage zafi ne kawai har a kai asibiti. Ba sa warkar da haƙori.

A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure baki, a zubar. A yi haka sau uku ko huɗu a yini.

Babban mutum zai iya shan farasitamol mai awo 500, ƙwaya biyu, bayan kowace awa shida. Kada ya wuce ƙwaya takwas a yini da dare, gama yawansa yana lalata hanta. Ibuprofen yana da kyau ƙwarai ga ciwon haƙori don yana rage kumburi, amma a sha shi bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki kada su sha shi sai da izinin likita. Awon yara dabam ne, a tambayi ma'aikacin lafiya.

Kanumfari yana da wani mai wanda ke kashe zafi na ɗan lokaci, likitocin haƙori ma suna amfani da shi. Ana iya ɗora ƙwaya ɗaya a kan haƙorin. In kumatu ya kumbura a ɗora ƙyalle mai sanyi daga waje. Da dare a tada kai da matashi biyu.

Ga kuma abubuwan da ba za mu yi ba:

Kada a ɗiga ruwan batir, ko fetur, ko kananzir, ko maganin ƙwari na gona a cikin ramin haƙori. Suna ƙone dasashi da harshe, kuma dafi ne ga jiki.

Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, gama yana ƙona naman. Kada kuma a ba yara asfirin.

Kada a cusa garin taba a ramin. Taba tana jawo ciwon daji na baki.

Kada a sayi kafso a kasuwa a sha biyu a bari. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa kaiwa cikin mataccen ɓargo, don jini ba ya zuwa wurin kuma. Likita yakan ba da su ne in ciwon ya fara yaɗuwa, kuma tare da aikin haƙorin.

Kada a nemi sauƙi wurin taramol. Matasa da yawa ciwo ne ya fara kai su gare shi, daga baya suka kasa bari.

5. Alamun da ba a kwana da su

In mai ciwon haƙori ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, a nemi mota ko babur a kai shi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne: kumburi ya kai ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiyar miyau ta gagara, numfashi yana wuya, zazzaɓi mai zafi tare da kumburi. Mugunyar turmin ƙasa tana iya ɗaga harshe ta toshe hanyar numfashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Masu ciwon sukari da masu sikila su yi hanzari fiye da kowa.

6. Aikin wanke saiwa

A da, in ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu, ba abin da mutanenmu suka sani sai cirewa. Amma akwai wata hanya. Likita yana iya fitar da ruɓaɓɓen ɓargon, ya wanke hanyoyin saiwa, ya toshe su, haƙorin ya zauna a wurinsa yana aiki. A asibiti za ku ji ana kiran wannan aiki rut kanal. Ga yadda ake yinsa, bi da bi.

Da fari akan ɗauki hoton haƙorin, don a ga yawan saiwoyinsa, da tsawonsu, da ko akwai mugunya a ƙarƙashi.

Na biyu, akan yi allurar kashe zafi a dasashi. Cikin 'yan mintoci leɓe da kumatu za su yi nauyi, wurin ya mutu murus.

Na uku, likita yakan shimfiɗa wata 'yar robar leda a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo ta cikinta. Amfaninta shi ne kada miyau ya shiga wurin aiki, kada kuma wani ƙaramin ƙarfe ya faɗa maƙogwaro. Wani likita a birnin New York, Sanford Barnum, ya fito da wannan dabara tun 1864.

Na huɗu, yakan huda 'yar ƙofa a kan haƙorin da inji mai ƙara da feshin ruwa. Sa'an nan ya sa waɗansu siraran ƙarafa kamar allura, ya kankare cikin kowace hanya har ƙarshen saiwa, yana yi yana ɗauraye ta da ruwan magani mai kashe ƙwayoyin cuta. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa uku ko huɗu, shi ya sa aikin turmi ya fi daɗewa, ya fi kuma tsada.

Na biyar, in akwai mugunya da yawa yakan sa magani a ciki, ya rufe da cikon wucin gadi, ya ba ku ranar dawowa. A nan ne mutane da yawa suke yin asara. Da sun ji zafi ya tafi sai su ƙi komawa. Cikon wucin gadi ba ya daɗewa. In ya fita, ƙwayoyin cuta za su koma, kuɗi da wahalar da aka sha su tafi a banza. Wanda ya yi noman fari ya ƙi yin maimai, kada ya zargi gona.

Na shida, akan toshe hanyoyin da wani ƙaro mai kama da roba, wanda ake samu daga wani itace na ƙasar Malesiya da maƙwabtanta, ana kiransa gata-faca. Bayan haka a cike ƙofar da ciko mai ƙarfi. Turmi kuwa galibi akan yi masa hula ta ƙarfe ko ta tangaran, gama haƙorin da ya yi babban rami yana da saurin tsagewa wurin tauna.

Kowane zuwa yakan ɗauki wajen awa ɗaya ko fiye kaɗan, akan kuma je sau ɗaya, ko biyu, ko uku. Bayan aiki kada a ci abinci sai nauyin leɓe ya sake, don kada a ciji harshe ba a sani ba. Wurin yakan yi tsami kwana biyu ko uku, farasitamol ya isa. Kada a tauna goro, ko aya, ko ƙashi da wannan gefe sai an gama aikin sarai.

Waɗansu sukan tambaya, in an cire jijiya ai haƙorin ya mutu, ba zai faɗi ba? A'a. Abin da ke riƙe haƙori a cikin ƙashi yana waje da saiwa, yana kuma da nasa jini. In an yi aikin da kyau, fiye da takwas cikin goma na irin haƙoran nan suna zama shekaru masu yawa suna aiki.

7. A wanke ko a cire?

Cirewa ta fi araha, kuma zuwa ɗaya ne. Wani lokaci ita kaɗai ce hanya, wato in haƙorin ya ruɓe har ƙasan dasashi, ko saiwar ta tsage, ko yana girgiɗi ƙwarai. In kuɗin wanke saiwa ya gagara, gara a cire a asibiti da a zauna da mugunya a baki. Ba gaskiya ba ne cewa cire haƙorin sama yana makantar da mutum. Jijiyar gani dabam take da ta haƙori.

Amma mu sani giɓi yana da nasa hasara. Haƙoran da ke gefe sukan karkato, wanda ke fuskantar giɓin ya zazzago, tauna ta ragu. Tsohon da ba shi da turame ba ya iya cin nama, ko gyaɗa, ko rogo, sai kunu, ƙarfinsa kuwa ya yi ta raguwa. Saboda haka in mai ciwon matashi ne, ko haƙorin na gaba ne, ya kamata iyali su yi ƙoƙari a cece shi. A tambayi likita kuɗin aikin duka tun daga farko, har da na hula da na mota, a yi shiri. Ƙungiyar da ke da adashe ko asusun taimakon juna tana iya ranta wa ɗan'uwa har kaka.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke yin wannan aiki ba. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa na Jos, da Zariya, da Kano, da Maiduguri, da Sakkwato, da kuma manyan asibitocin gwamnati da yawa. Ma'aikacin lafiya na garinku zai nuna muku wanda ya fi kusa. Ku guji masu cire haƙori a bakin kasuwa. Ƙarfen da ba a dafa ba yana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga bakin wani zuwa na wani.

8. Yadda za mu yi da tsoro

Jin tsoron kujerar likitan haƙori ba abin kunya ba ne. Manyan maza da ke fuskantar maciji a gona ma sukan ji shi. Amma mu duba abin da tsoro ke jawowa: yana sa a jinkirta, jinkiri yana sa ciwo ya girma, babban ciwo yana bukatar babban aiki, labarin babban aikin kuma ya ƙara tsorata maƙwabta.

Yawancin labaran ban tsoro da muke ji na zamanin da ne, ko na waɗanda aka cire wa haƙori ba allura. Tun 1846 aka nuna a birnin Boston cewa ana iya yi wa mutum aiki ba ya jin zafi. Maganin allurar da aka fi amfani da shi, lidoken, a ƙasar Suwidin aka haɗa shi a 1943. Zafin da mutane ke dangantawa da wanke saiwa, na ciwon ne da suka zo da shi. Aikin kuwa shi ne ke raba su da zafin.

Ga abubuwan da za su taimaka:

Ku faɗa wa likita a fili cewa kuna jin tsoro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku roƙe shi ya bayyana kowane abu kafin ya yi.

Ku shirya alama da shi, kamar ɗaga hannun hagu, cewa in kun ɗaga zai tsaya. Sanin cewa kuna iya tsai da aikin yana rage fargaba ƙwarai.

In kun ji zafi bayan allura, ku faɗa. Haƙorin da ya kumbura sosai wani lokaci yana bukatar ƙarin allura. Jin dannawa da girgizar inji ba kome ba ne, amma ba a ce ku daure wa zafi ba.

Ku ci abinci kafin ku tafi, gama mai yunwa yana saurin jin jiri. Ku nemi a gan ku da safe don kada ku yini kuna zullumi. Ku tafi da wani na gida wanda zuciyarsa ke kwance.

A kan kujera ku ja numfashi ta hanci a hankali kuna ƙirga huɗu, ku sake shi kuna ƙirga shida. Ku saki kafaɗu da yatsu. Yin addu'a a zuci yana kwantar da rai, kuma addu'a da zuwa wurin likita ba sa gāba da juna.

Ku gaya wa likita in kuna da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko in wani magani ya taɓa yi muku illa. Mace mai ciki ta faɗa. Ciki ba ya hana a yi mata aikin haƙori, barin mugunya a bakinta shi ne haɗari.

Iyaye, kada mu riƙa razana yara da cewa za a kai su a yi musu allura in sun yi ƙiriniya. Tsoron da muka shuka a yaro, shi zai girba sa'ad da ya girma.

9. Rigakafi ya fi magani

A goge haƙora sau biyu a yini, musamman da dare kafin barci, da buroshi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa ɓawo. Bayan gogewa a tofar, kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna. Asuwaki yana da kyau in an bi kowane haƙori ciki da waje, har turamen baya. A rage sukari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada babban mutum ya wuce wajen ƙananan cokula 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. Yawan tsotsar alawa daga safe har yamma ya fi ɓarna bisa ga shanta sau ɗaya bayan abinci.

A lura da yara masu shekara shida. A lokacin ne turmin farko na girma yake fitowa a bayan haƙoran yarinta. Iyaye da yawa suna tsammani zai faɗi wani ya fito, sai su ƙyale shi ya ruɓe. Ba wani da zai maye gurbinsa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa ɗaukewar zafi ba ta nuna haƙori ya warke?
2. Waɗanne abubuwa ne mutanen garinmu ke sa wa a ramin haƙori? Wanne ne mai haɗari?
3. Ku ambaci alamu biyar da ba a kwana da su.
4. Me zai faru in mutum bai koma an ƙarasa masa wanke saiwa ba?
5. Ina ne asibitin haƙori mafi kusa da mu, nawa ne kuma kuɗin mota?

Aikin wannan wata

Kowane maigida da uwargida su duba bakin 'ya'yansu da rana a cikin haske, su nemi baƙin tabo ko rami. Ƙungiya ta zaɓi mutum ɗaya ya je asibiti mafi kusa ya tambayo ranakun da likitan haƙori ke zama, da kuɗin ciko, da na cirewa, da na wanke saiwa, ya kawo wa taro na gaba. Waɗanda ke da rami su haɗa kai su tafi tare da rani, tun aikin gona bai taso ba. Allah ya ba mu lafiya.